Idan Allah mai gafara ne, me ya sa sai da jini aka yi sulhu?

Bitrus_K:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Akwai tambayar da ta daɗe tana damuna, yau dai na ce bari in kawo ta gabanku. Tun ina yaro nake jin cewa Yesu ya mutu domin zunubanmu, ya sulhunta mu da Allah. Na gaskata, ba musu nake yi ba. Amma ga abin da ya tsaya mini a rai. A Luka 15, da yaron nan da ya watsar da dukiyar mahaifinsa ya dawo gida, uban ya hango shi tun daga nesa, ya sheƙa da gudu ya rungume shi. Bai ce sai an zub da jini ba, bai ce sai wani ya biya ba. To in haka Allah yake, me ya sa Ibraniyawa 9:22 ta ce in ba a zub da jini ba babu gafara? Na biyu kuma, Romawa 5:1 ta ce muna da salama da Allah. Ni kam gaskiya ba na jin wannan salamar. Ko dai sulhun bai kai kaina ba ne?

MamaRifkatu:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka fito fili ka faɗa. Mutane da yawa suna ɗauke da wannan a zuci, kunya ta hana su tambaya. Ta farkon na bar wa masu karatu, ta biyun zan taɓa. Na daɗe ina bin Ubangiji, kuma akwai ranakun da nake tashi zuciyata kamar dutse, ko addu'a ba ta fitowa. A ranakun nan ban daina zama 'yar Allah ba. Ka duba 1 Yahaya 3:20, inda aka ce ko zuciyarmu ta kayar da mu, Allah ya fi zuciyarmu girma, ya kuma san kome.

MalamIshaya:
Ɗan'uwa Bitrus, kafin mu kai ga gicciye sai mun koma Littafin Firistoci sura 16, domin daga can marubucin Ibraniyawa yake magana. Sau ɗaya tak a shekara, ran 10 ga wata na bakwai, babban firist yake shiga Wuri Mafi Tsarki. Ita ce Ranar Kafara, wadda Yahudawa ke kira Yom Kippur har yau. Zai fara yanka bijimi saboda zunubinsa da na gidansa, domin shi ma mai zunubi ne. Sa'an nan a kawo bunsuru biyu a jefa ƙuri'a a kansu. Ɗaya a yanka, a shiga da jininsa bayan labule, a yayyafa a kan murfin akwatin alkawari da kuma gabansa. Ɗayan ba a yanka shi. Haruna, babban firist, zai ɗora hannuwansa biyu a kan bunsurun, ya furta dukan laifofin jama'a, a kora shi jeji ya tafi da su inda ba kowa.

Abin da nake so ka lura da shi yana sura 17 aya 11. Allah ya ce ran halitta yana cikin jini, kuma shi ne ya ba su jinin a kan bagade domin kafara. Ka ji wa ya bayar? Ba mutane ne suka zauna suka ƙirƙiro abin da za su lallashi Allah da shi ba. Wanda aka yi wa laifin shi ya tanadi hanyar. Haka ma a Farawa 22, Ibrahim ya ce wa Ishaku Allah zai tanadi ɗan rago, kuma ragon da ya sarƙe da ƙahoninsa a kurmi ba daga garken Ibrahim ya fito ba.

Laraba22:
Malam, ai a labarin Luka 15 ɗin ma an yanka kiwataccen maraƙi. Ba shi ne hadayar ba?

MalamIshaya:
A'a 'yar'uwa, wannan na biki ne, kuma sai bayan an riga an karɓi yaron aka yanka shi. Kada mu ɗora wa misalin abin da ba ya cikinsa. Yesu ya ba da shi ne ga Farisiyawa da malaman Attaura da ke gunaguni cewa yana karɓar masu zunubi. Batunsa murnar Allah a kan wanda ya tuba ne, ba a nan aka zayyana yadda kafara take ba.

Yohanna_D:
Na yarda da Malam Ishaya, amma ina ganin Bitrus ya yi saurin cewa ba wanda ya biya. Gadon da yaron ya cinye, ya dawo? Bai dawo ba. Wa ya ɗauki asarar? Uban. Wa ya ba da riga da zobe da takalmi? Uban. Yaron ya zo da shirin cewa a mai da shi ɗan ƙodago, watakila har ya yi tunanin da haka zai rage bashin, amma uban bai bari ya kai ƙarshen maganar ba. An biya fa. Yaron ne dai bai biya ba.

Hannatu_B:
Yaya Yohanna ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Shekarun baya na ba wani ɗan'uwanmu na jini ajiyar duk abin da na tara, na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Da na nema ya ce bai san zancen ba. Na yi kusan shekara biyu ko sunansa aka ambata sai jikina ya ɗau rawa. Ranar da na yafe masa a gaban Allah, kuɗin bai faɗo daga sama ba. Abin da na yi shi ne na ce daga yau ba ni binsa, asarar ta zama tawa. Kuma ta yi ciwo ƙwarai. A nan na gane cewa masu cewa "ai sai Allah ya yafe kawai" ba su taɓa yafe abu mai nauyi ba. Babu "kawai" a cikin yafiya. Wani ne yake haɗiye ta.

Dauda_Y:
Duk na ji, amma bari in kawo abin da wani abokina ya tambaye ni na rasa amsa. Bashin kuɗi daban, laifi daban. In ana bina bashi wani zai iya biya mini. Amma in na kashe mutum, alƙali ya saki ni ya rataye ƙanena don ya ce ya yarda, wa zai kira wannan adalci? Ezekiyel 18:20 ma cewa ta yi wanda ya yi zunubi shi zai mutu, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, uba ba zai ɗauki na ɗa ba. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. To yaya marar laifi zai mutu a madadina a ce an yi daidai?

FastoMarkus:
Dauda, tambayar abokinka mai nauyi ce, kada ka raina ta. Da a ce Yesu wani na uku ne da Allah ya kamo daga gefe ya huce fushinsa a kansa, da abokinka ya yi gaskiya, da zalunci ne tsantsa. Amma ba haka Ikkilisiya take koyarwa ba. 2 Korantiyawa 5:19 ta ce Allah ne cikin Almasihu yake sulhunta duniya da kansa, ba ya lissafa musu laifofinsu. Wanda ke kan gicciyen ba baƙo ba ne a wannan shari'a, shi ne wanda aka yi wa laifin. A Yahaya 10:18 ya ce ba mai ƙwace ransa daga gare shi, shi yake ba da shi don kansa. Shi ya sa labarin Hannatu ya fi misalin alƙali da ƙane kusa da gaskiya.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mu lura. Duk inda Bulus ya yi maganar sulhu, a Romawa 5:10, a Kolosiyawa 1:20, a 2 Korantiyawa 5, Allah ne mai sulhuntawa, mu ne ake sulhuntawa. Bai taɓa cewa mun sulhunta Allah da mu ba. Kuma Romawa 5 ta ce tun muna maƙiya aka yi wannan, ba bayan mun gyaru ba. Gicciye bai sa Allah ya fara ƙaunarmu ba. Don yana ƙaunarmu ne aka yi gicciyen.

DattijoIliya:
Fasto, da girmamawa, ina tare da kai amma ina tsoron yadda yara za su ɗauki maganarka. Sai su ce ashe matsalar daga wajenmu kaɗai take, mu ne muka yi fushi muka juya baya, Allah kuwa ba ruwansa. Ayar da ta zo kafin wadda ka kawo, Romawa 5:9, cewa ta yi ta wurinsa za mu tsira daga fushin Allah. Fushin nan gaskiya ne. Ba irin namu ba ne na ɓacin rai da ramuwa, ƙin mugunta ne na Mai Tsarki. Allahn da zai ga an zalunci marayu ya kau da kai ya ce ba kome, ni ba zan iya yi masa sujada ba. Romawa 3:25 zuwa 26 ta ce an miƙa Almasihu hadayar kafara domin Allah ya nuna shi mai adalci ne, kuma mai baratar da wanda ya gaskata da Yesu. Biyun tare. Ishaya 53:5 kuma ta ce horon da ya kawo mana salama a kansa ya sauka. Horo aka ce fa.

FastoMarkus:
Baba, ban musa ko kalma ɗaya ba. Abin da nake gudu shi ne hoton da wasu ke da shi a ka, na Uba mai zafin rai da Ɗa mai tausayi yana riƙe masa hannu. Na ga mutanen da suke ƙaunar Yesu amma suna tsoron kiran Allah Uba saboda wannan hoton.

Luka_Tarihi:
Wannan da Baba Iliya da Fasto suke yi, shekara fiye da dubu Ikkilisiya tana yinsa. Markus 10:45 ta ce Ɗan Mutum ya ba da ransa fansa domin mutane da yawa, amma ba ta faɗi wa aka biya ba. Orijen, wani malamin Ikkilisiya a ƙarni na 3, ya ɗauka Shaiɗan aka biya. Giregori na Naziyanzus, a ƙarni na 4, ya ƙi wannan ƙwarai, yana ganin abin kunya ne a ce ɗan fashi ya karɓi Allah kansa a matsayin fansa. Sai Anselm, babban bishop na Kantabari a Ingila, ya kammala littafinsa a 1098 kan dalilin da ya sa Allah ya zama mutum. Hujjarsa ita ce mutum ne ake bi bashin amma ba zai iya biya ba, Allah ne kaɗai zai iya amma ba shi ake bi ba, don haka sai wanda yake Allah kuma mutum. Abelard na Faransa, wanda ya rasu a 1142, ya fi jaddada cewa gicciye yana nuna ƙauna mai girman da take narkar da zuciyar mai zunubi ta juyo da shi. Masu gyaran Ikkilisiya na ƙarni na 16, musamman Kalbin, suka ƙarfafa cewa Almasihu ya ɗauki hukuncin da ya cancance mu. Can a 1931 kuma littafin Gustaf Aulen na Suwidin ya fito da Turanci, yana tunatar da cewa iyayen Ikkilisiya na farko sun fi ganin gicciye a matsayin nasara a kan zunubi da mutuwa da Iblis.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, shaidar bangaskiya ta Nikiya, yadda aka kammala ta a 381, cewa kawai ta yi domin mu da cetonmu ya sauko, an gicciye shi dominmu a zamanin Bilatus. Ba ta ɗaure mu da bayani ɗaya ba. Ni a ganina kowane cikinsu ya kama wani sashe na gaskiya.

DattijoIliya:
Ɗana Luka, "kowa ya kama sashe" magana ce mai daɗin ji, amma sassan ba nauyinsu ɗaya ba. In mutum ya faɗa ruwa ya mutu yana cewa don in ga yana ƙaunata, alhali ni ina zaune a gaɓa lafiya, wannan ba ƙauna ba ce. Sai in nutsewa nake yi ya shiga ya fid da ni. Abelard ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai an fara yarda cewa mutuwar ta yi wani aiki na gaske.

Alisabatu_M:
Ni 'yar Katolika ce, kuma ina so in ƙara abu ɗaya ga Bitrus. Mu ba a bar mu da tunaninmu kaɗai ba. Idan na je na furta zunubina a gaban Fada, ina jin kalmar gafara da kunnena, bisa ikon da Yesu ya ba manzanni a Yahaya 20:23. Sau da yawa abin da zuciyata ta ƙi gaskatawa, kunnena ne ya taimake ta. Haka kuma a Mas, wato sujadarmu ta Jibin Ubangiji, muna tsayawa gaban hadayar nan.

Ayuba_77:
To ai nan ne matsalar. Ibraniyawa 10:11 zuwa 12 ta ce firistoci na dā kullum a tsaye suke suna maimaita hadayun da ba sa kawar da zunubi, amma Almasihu ya miƙa hadaya ɗaya ya zauna. Ya zauna, domin aiki ya ƙare. Labulen Haikali ya tsage daga sama har ƙasa, Matiyu 27:51. A shekara ta 70 sojojin Roma suka rushe Haikalin ma gaba ɗaya. Wace hadaya kuma ake yi kowace Lahadi?

Alisabatu_M:
Ɗan'uwa, ba mu ce ana sake kashe Almasihu ba, kuma ba mu ce hadayarsa ba ta isa ba. Majalisar Ikkilisiyar Katolika ta Tirent a 1562 ta koyar cewa abin hadayar ɗaya ne, mai miƙawar ɗaya ne, yanayin miƙawar ne ya bambanta, ba da zub da jini ba. Na san ba za ka yarda ba, amma ka ƙi abin da muke faɗa, ba abin da aka ce muna faɗa ba.

MamaRifkatu:
'Ya'yana, wannan magana ta fi ƙarfin yini ɗaya. Ɗan'uwanku ya zo da ciwo, kun bar shi a tsaye. Bitrus, kana nan?

Bitrus_K:
Ina nan Mama, duk ina karantawa. Na gode muku duka. Maganar Yaya Hannatu ta hana ni barci jiya, don haka bari in faɗi abin da na ɓoye. Shekara shida da suka wuce, a wurin da nake aiki a lokacin, na yi kuskuren da ya jawo asara. Da aka zo bincike na yi shiru, na bari zargi ya faɗa kan wani abokin aikina. Aka kore shi. Yana da mata da yara. Na tuba, na yi kuka gaban Allah ba sau ɗaya ba, na ci Jibin Ubangiji sau da yawa tun daga nan. Amma mutumin har yau bai san ni ne ba. In gaskiya ne wani ne ke haɗiye asara, to shi ya haɗiye tawa, ba da saninsa ba, ba da yardarsa ba.

Yohanna_D:
Kai, ɗan'uwa. Allah ya ƙarfafa ka da ka iya faɗin wannan. To ka ga amsar tambayarka ta biyu tana hannunka tun tuni. Matiyu 5:23 zuwa 24: in ka kawo baikonka gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon a nan, ka je ka shirya da shi tukuna. Zakka ma da Yesu ya shiga gidansa, cewa ya yi duk wanda ya cuta zai mayar masa ninki huɗu. Rashin salamar da kake ji ba alamar Allah ya yashe ka ba ce, Ruhu ne yake tura ka.

Ayuba_77:
A yi hattara. Kada mu sa shi ya ɗauka sai ya je ya gyara kafin jinin Yesu ya yi masa aiki. Ɓarawon da ke kan gicciye wa ya mayar wa kaya? Hannuwansa a kafe suke, amma aka ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi. 1 Yahaya 1:9 ta ce in mun furta zunubanmu shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta. Bitrus ya furta. An gafarta. Kada mu ƙara sharaɗi.

FastoMarkus:
Ayuba da Yohanna, ku duba jerin yadda abin ya faru a Luka 19. Yesu ya fara cewa yau a gidanka zan sauka, sa'an nan Zakka ya miƙe ya yi alkawarin mayarwa. Karɓar ce ta haifi mayarwar. Bitrus, ba za ka je wurin mutumin nan don ka sayi gafarar Allah ba, wannan an gama biyanta. Za ka iya zuwa ne saboda ba sauran abin da kake karewa. Shekara shida da suka wuce tsoro ya rufe maka baki. Ɓarawon kan gicciye ba shi da ƙafar zuwa, kai kana da ita. In kana so mu yi magana ta waya kafin ka ɗauki mataki, ka turo mini saƙo.

Tabitha_S:
Ni ta ɓangaren wanda aka kora nake tunani, domin mahaifina ya taɓa rasa aiki a kan ƙaryar wani, kuma na san yadda gida yake komawa. Yaya Bitrus, in za ka je, kada ka je don ka sauke nauyin zuciyarka a kansa ka dawo da sauƙi. Ka je da shirin wanke sunansa a wurin waɗanda suka kore shi, ko da naka zai ɓaci. Kuma kada ka ce masa "ai kai mai bi ne, dole ka yafe." Yaya Hannatu shekara biyu ta ɗauka. Yana iya rufe maka ƙofa, yana da wannan 'yancin. Romawa 12:18 cewa ta yi in mai yiwuwa ne, iyakar abin da ke hannunku, ku yi zaman salama da kowa. Ba a yi maka alkawarin zai amsa ba.

Dauda_Y:
Ina yi wa Bitrus addu'a. Amma Fasto, ni har yanzu tambayata ba ta kwanta ba. Na gane Allah ne ya ɗauki asarar laifin da aka yi masa. To laifin da aka yi wa mutumin da aka kora fa? Yaransa da suka sha wahala fa? Gicciye ya biya wannan ma, ko sai ranar shari'a?

DattijoIliya:
Dauda, mai sunanka, Sarki Dauda, ya sa aka kashe Uriya, amma a Zabura 51 ya ce wa Allah gare ka kaɗai na yi zunubi. Na daɗe ina kokawa da wannan ayar. An gafarta masa ta bakin annabi Natan, duk da haka takobi bai rabu da gidansa ba, kuma Uriya bai dawo ba. Zan sake karanta 2 Sama'ila 12 da daren nan, gobe in faɗa maka abin da na gani.

Bitrus_K:
Na samo lambarsa ta hannun wani tsohon abokin aikinmu. Tun safe take a wayata, ban kira ba tukuna. Yaya Tabitha, na ji maganarki game da wanke sunansa, ita ce ta fi ba ni tsoro, don matata ma ba ta san wannan labarin ba. Ina ganin da ita zan fara. Fasto, na tura maka saƙo.